Abin da Inna ta koya min a aikin hidimar jama'a

Aikina na farko bayan kammala karatu a wata ƙungiyar sa-kai na same shi, mai kula da marasa lafiya da iyalansu. Ni ce mai riƙe da littafin rajista. Shugabarmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, har da waɗanda suka girme ta. Allah Ya yi mata rasuwa, amma kusan duk yadda nake tafiyar da aiki yau a wurinta na ɗauko shi.

Inna ba ta yarda taimako ya ƙare ranar da aka ba da shi ba. Ɗauki mai tarin fuka. Maganin da aka saba ba shi na wata 6 ne, amma da zarar tari ya lafa bayan 'yan makonni, jiki ya fara dawowa, da yawa sai su ajiye shi. Ƙwayar cutar kuwa ba ta gama mutuwa ba, tana iya dawowa ta daina jin maganin gaba ɗaya. Don haka Inna ta sa na ware wa kowane mara lafiya shafinsa, da ranar da ya fara shan magani da ranar da zai gama. Takan ce min, "Ɗiyata, ranar da ya ce ya warke, ranar za ki fi leƙa shi." Haka take yi da gidan da aka yi rashi. Kwanakin farko gida cike yake da jama'a, don haka takan yi gaisuwa ta tafi. Sai an watse, an bar matar mamaci da marayu da ɗawainiyar gida, sannan take yawaita zuwa.

Karɓar baƙi a wurinta aiki ne mai ƙa'ida. Ba a tambayar mutum buƙatarsa a bakin ƙofa. A ba shi wurin zama, a gaisa, a tambayi iyali, ya huce gajiya, sannan a keɓe da shi ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba ta taɓa barin a ɗauki hoton wanda aka taimaka wa ba, ko da masu ba da tallafi sun nema. Na ga yadda wannan ke sa mutane su buɗe cikinsu, musamman masu cutar da suke jin kunyar ambata.

Akwai kuma masu jinya, waɗanda kowa ke mantawa da su. Idan muka je duba mara lafiya, Inna takan juya ga matar da ke zaune gefensa ta tambaye ta yaushe rabonta da barci. Daga nan sai ta tsara wa dangi da maƙwabta karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna mata ne ke yin fiye da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da mutane wanda ba a biya a faɗin duniya. Wannan adadi yana min ciwo, domin na san fuskokin matan, na kuma san yadda ake ganin wahalarsu kamar ba aiki ba ce.

Duk da wannan hidima, gidanta bai taɓa rasa ta ba. Lokacin tashi na yi takan rufe ofis, ta kora mu gida, ita ma ta koma wa maigidanta da jikokinta. Idan ɗan wata a cikinmu ba shi da lafiya, ba ta barin ta ta zo aiki, ita take ɗaukar aikinta har yaron ya samu sauƙi. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta.