Da ƙyar aka kama mu, sau 22

Jiya Lahadi, 11 ga Satumba 2022, da rana ina wanke mota a ƙofar gida sai maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge, waya a hannu, ya ce mini, "An sallame shi." Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba. A garin Lincoln na jihar Nebraska mutum ɗaya ne za a ce an sallama kowa ya gane: Scott Frost, kocin ƙungiyar ƙwallon jami'ar jihar, wadda ake kira Huskers.

Dattijon nan, wanda nake kira Baba a gida, ya haura shekara 70. Shi ne ya jefa ni cikin wannan masifa. Lokacin da na tare a unguwar ban san komai ba game da ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu, ƙarti na bin mutum su kayar. Ni Bakano ne, a filin Sani Abacha na koyi ihu, Pillars na sani. Wata Asabar ya ba ni jar riga ya ce in biyo shi. Mutum sama da 85,000 na tarar a filin Memorial, kowa cikin ja, har ana cewa ranar wasa filin nan shi ne gari na uku mafi yawan jama'a a jihar, bayan Omaha da Lincoln. Tun 1962 ba a yi wasan gida da tikiti ya yi kwantai ba. Jihar ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru, don haka ɗaliban nan su ne komai. Manomi zai baro gonar masararsa ya yi tuƙin awa huɗu don ya kalli yaran da ba su wuce sa'annin jikokinsa ba.

Baba ya ga zamanin daɗi. Ya ga kofin ƙasa na 1970 da 1971 a hannun Bob Devaney, ya ga na 1994 da 1995 da 1997 a hannun Tom Osborne. Ni kuwa ban tarar da komai ba sai labari, kamar wanda ya iso gidan biki bayan an kife tukwane.

Da aka ɗauko Frost a watan Disambar 2017, garin nan kamar an ga watan sallah. Ɗan ƙauyen Wood River ne, shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyar da ta ɗauki kofin 1997, kuma a shekarar da aka kira shi ƙungiyar da yake horarwa a Florida, UCF, ta buga wasa 13 ta cinye duka. Aka ba shi kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 35. Na sayi riga mai sunansa, kuɗina, ba wanda ya tilasta ni. Wasansa na farko a 2018 tsawa da ruwan sama suka hana a buga, mutane suka koma gida a jiƙe. Daga nan muka sha kashi sau shida a jere. Baba ya ce in kwantar da hankalina, gini ake yi.

Ginin ne aka yi ta yi. 2018 nasara 4, kashi 8. 2019 nasara 5, kashi 7, kuma a cikin wannan kakar aka ƙara masa shekara biyu a kwantiragi. 2020 ta korona, 3 da 5. Duk wannan na jure. Abin da ya cinye mini rai shi ne 2021.

Bahaushe ya ce da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. To mu a 2021 mu ne 'yan da ƙyar aka kama ni. Wasa 12, muka ci 3, aka doke mu 9, kuma a cikin taran nan babu inda aka ba mu ratar maki 10. A wasannin rukuninmu na Big Ten mun zura maki 239, an zura mana 239, daidai wa daida, amma nasara ɗaya tal a cikin tara. Dalili kuwa, mun tara makin a rana guda ne, muka zazzage wa Northwestern 56 da 7, sauran ranakun muka yi ta faɗuwa a bakin ƙofa. Da Michigan State muna gaba har kusan ƙarshe, aka buga ƙwallo sama zuwa ɓangaren da babu masu tsaronmu, yaro ya cafe ya ruga har gida. Da Iowa, washegarin bikin ranar godiya na Amurkawa, muna gaba 21 da 6, aka tashi 28 da 21 muna ƙasa. Ranar na zauna a mota a ƙofar gida kusan rabin awa ban shiga ba. Da na shiga uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, wai yaran nan sun san kana duniya?" Ban ba ta amsa ba, tuwon ma ban iya ci ba.

Wanda ake lallasawa da rata mai yawa yana samun sauƙi, don tun hutun rabin lokaci ya san matsayinsa, ya kashe talabijin ya tafi kasuwa. Mu kuwa sai an riƙe mu awa uku da rabi, sai an bar mu mun miƙe tsaye mun fara rungumar baƙi, sannan a zare mana tabarma. A zamanin Frost wasannin da ratar ba ta wuce maki 8 ba sun kai 27, muka ci 5, aka cinye 22. Sau biyu ko uku ka ce rashin sa'a. Sau 22 kuma hali ne, kuma hali daga mai horarwa yake fitowa.

Bayan waccan kakar aka rage masa albashi daga miliyan 5 zuwa 4, ya kori mataimakansa huɗu, aka ce a ƙara masa shekara. Na yarda, wallahi na yarda. Sai ga wasan Dublin ranar 27 ga Agusta. Dubban mutanen jihar nan suka haɗa kuɗin jirgi zuwa ƙasar Ayilan. Muna gaba da Northwestern 28 da 17, wasa na hannunmu, sai aka ba da umarnin a yi gajeren bugun nan na caca, wanda ake yi don a sake ƙwato ƙwallo, bugun da galibi wanda ke baya kuma lokaci ya ƙure masa ke yi. Bai yi ba. Suka karɓa a tsakiyar fili, suka ci, daga nan ba mu sake saka ko maki ɗaya ba, 31 da 28. Baba ya ajiye rimot a hankali ya fita ban ruwan fulawarsa.

Shekaranjiya da dare ina cikin filin. Georgia Southern irin ƙungiyoyin nan ne da ake biya kuɗi su zo a doke su a gaban jama'a. Suka karɓi kuɗin, suka yi ta ratsa masu tsaronmu kamar wuƙa a cikin kabewa, suka kutsa da ƙwallo jimillar yadi 642, suka ci 45 da 42. Bugun da zai kawo kunnen doki a daƙiƙar ƙarshe ya bauɗe. Daga ɓangaren ɗalibai aka fara rera a kori Frost. Na buɗe baki zan taya su, na waiga na ga Baba ya sunkuyar da kai, sai na yi shiru.

A nan laifin ya dawo kanmu, mu 'yan kallo. Jami'ar nan ta kori Frank Solich a 2003 yana da nasara 9 da kashi 3. Ta kori Bo Pelini a 2014, shi ma 9 da 3, mutumin da bai taɓa gama kaka da ƙasa da nasara 9 ba, an ce tara ta yi kaɗan ga gida irin wannan. Sai ga wanda bai taɓa wuce 5 ba mun riƙe shi fiye da shekara huɗu, ya tafi da nasara 16 da kashi 31. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da baƙo ne tun 2020 an haɗa masa kayansa. Amma ɗan gida ne, kowa na tuna shi yana saurayi da jar riga, kuma wanda ya ce ya gaza kamar ya ce zamanin Osborne ba zai dawo ba ne. Baba bai shirya faɗin haka ba. Ni ma da ban ga zamanin ba, na ari kunyar na yafa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ba ƙanena dariya da na kira shi Kano. Korar jiya za ta ci dala miliyan 15. Da daraktan wasannin jami'ar Trev Alberts, shi ma tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya jira 1 ga Oktoba, kwana 20 kacal, da miliyan 7 da rabi za a biya. Ƙanena ya ce, "Yaya, a kore ni haka mana, ko sau ɗaya." Na ce masa ya yi ta kansa, Pillars ɗinsa mai kofi huɗu ma ta faɗa rukuni na biyu bana. Ya ce, "Pillars ɗinmu dai." Gaskiyarsa. Shekarar nan ta haɗa mini zafi biyu.

Ni ban ga laifin Alberts ba. Da an bar mutumin ya sake fitowa gaban jama'ar nan, da ihun ya fi na shekaranjiya muni, kuma yaran da ke wasa su za su sha shi. An miƙa riƙon ƙwarya ga Mickey Joseph, shi ma tsohon mai jefa ƙwallo ne a nan, kuma baƙar fata na farko da ya jagoranci wata ƙungiyar wasa a jami'ar. Ɗan gida ya kori ɗan gida ya ɗora ɗan gida.

Asabar mai zuwa Oklahoma za su zo, tsofaffin abokan hamayya, kuma na san abin da ke jiranmu. Na faɗa wa uwargida cewa na huta, ranar zan kai ta sayayya Omaha. Ɗazu da yamma Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, tikiti biyu a hannu, ya ce wasan na safe ne, ƙarfe 11, mu fita da wuri saboda wurin ajiye mota. Uwargida tana jinmu daga kicin. Ba ta ce komai ba, ta je ta ciro jar rigar daga kwandon wanki.