Ɗigon ƙura a gilashin kyamara

Yau na miƙa makullin ɗakin awo, bayan shekara uku ina bin duwatsun sararin samaniya da madubin hangen nesa.

Na fara aikin ne jim kaɗan bayan kumbon DART na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya doki Dimorphos, wani ƙaramin dutse da ke zagaya babban dutsen Didymos, ranar 26 ga Satumba 2022, ya zabge kimanin minti 32 daga awa 11 da minti 55 da yake ɗauka kafin ya zagaye Didymos. Daga nan duniya aka auna hakan, ta lura da yadda hasken duwatsun ke dusashewa duk sa'ad da ƙaramin ya gifta gaban babban ko ya shiga inuwarsa. Tun daga ranar kowa a rukuninmu ba shi da magana sai ta dutse mai ɗan rakiya.

Ni ma sai na ga nawa. Dare huɗu a jere hasken wani dutse yana faɗuwa kaɗan, kusan a lokaci guda, sai na ɗauka shi ma yana da ɗan rakiya. Na kai wa shugaban rukuni, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu in ɗauki sababbin hotunan tace kyamara, waɗanda nake amfani da su sun tsufa." Da waɗannan hotunan ne ake cire tabon ƙura da sauran aibin kyamara daga awo. Ya ce wasu za su riga mu. Ya kwashi sakamakon ya kai taro, sunansa a sama, nawa can ƙasa.

Tambaya ɗaya wata mai bincike ta yi: shin a wuri ɗaya na hoton dutsen yake duk lokacin da hasken ya faɗi? Na koma na duba. A wuri ɗaya ne. Ƙura ce ta zauna a gilashi bayan an ɗauki hotunan tacewar, dutsen kuma yana ratsa inuwarta kowane dare, don a waje guda nake saita madubin. Abin da ke maimaituwa duk awa 24 ya kamata ya tayar mini da hankali tun farko, domin wannan agogonmu ne na duniya. Na san haka sarai, ɗoki ne ya rufe mini ido.

A rahoton ƙarshen shekara ya rubuta "kuskuren ɗalibi". Mako biyun da na roƙa bai ambata ba, ni kuwa ba ni da shaida, tunda da baki na faɗa. Har yanzu abin yana ci mini rai. Wanda zai gaje ni, ka rubuta shakkarka a imel, ka adana.

Sauran ƙanana ne: ka duba agogon kwamfuta kafin ka fara, kada ka goge ɗanyen hoto, wato na asali da ba a tace ba, ka girmama mai kula da madubin.

Duwatsu goma sha ɗaya na auna bayan wancan, babu wanda aka dawo mini da shi. Kumbon Hera na Turai, da aka harba a Oktoban 2024, zai je ya duba tabon da DART ya bari, kuma zan zauna in kalli hotunan, ko da ba daga wannan ɗakin ba.