Asabar a garaji, na canza sandar giya

Yau dai Allah ya nufa an yi aikin nan da na daɗe ina ɗagawa. Tun bayan sallar asuba ban koma barci ba, na ɗauko kwalin da ɗan kawuna ya aiko mani daga Beljika na sake buɗewa na ƙirga kayan ciki, sandar giya ɗaya, kofin roba da ƙwallon sandar ke zama ciki, ƙananan wasa, wato zobba masu faɗi da ke cike gibi, na roba masu ruwan ɗorawa, kilif biyu, sai kaucu na hannun alminiyon da ke riƙe da sandar. Duka kayan ba su cika tafin hannu biyu ba in ka cire ita sandar, amma su ne sunka hana ni jin daɗin motar tun da na saye ta.

Motar BMW ce E46, 330Ci mai ƙofa biyu, ta 2001, injin silinda shida a jere lita 3, ƙarfin doki 231, bwat ɗinta, wato akwatin giya, ta kamfanin ZF ce mai giya biyar. Injin lafiya lau, kukanshi kaɗai ya isa ya sa mutum ya kashe rediyo. Amma sandar giyar, kai, ko tana cikin giya sai ka ji tana yawo hagu da dama kamar muciya cikin tukunyar tuwo, daga ta biyu zuwa ta uku sai ka miƙe hannu ka lalubo. Motar da ta haura shekara ashirin, ga zafin Yamai ga ƙura, robobin nan dole su gaji.

Abin da ya ci mani lokaci shi ne zaɓen sandar, don gajera nake so, wato wadda za ta rage tafiyar hannu wajen sa giya. Na farko da na gani a intanet irin masu arha ɗin nan ne da ba su da ko suna, ƙarfe guda ɗaya mai ƙyalli, an rubuta wai suna rage tafiyar hannu da kashi 40 cikin ɗari. Akwai kuma na kamfanoni da anka sani irin su UUC da B&M, masu kyau ne amma kuɗinsu da na aikowa ya yi mani nauyi. Sai irin su CAE da Coolerworx waɗanda ake ɗaurewa a jikin motar kanta, doguwar sanda tana tsaye kusa da sitiyari, waɗannan na masu tsere ne, duk ƙarar bwat da girgizarta cikin mota za su shigo, ni kuwa da motar nan nake zuwa aiki, da ita nake tsayuwa cikin cunkoson gadar Kennedy in zan ƙetara Harobanda. Daga ƙarshe na tsaya kan abin da masu E46 da yawa ke yi, wato sa sandar wata BMW ɗin, ta E60 545i, wadda ke shiga gurbin ba tare da an yanka komi ba. Dalilina ɗaya ne, sandar asali gida biyu ce da roba a tsakani, robar nan ita ke shanye girgiza da zafin da ke tasowa daga bwat, mai ƙarfe guda ɗaya kuwa duk abin da ke ƙasa tafin hannunka zai kawo shi, kuma wanda ya san watan Afrilu a garin nan ya san me nake nufi.

Wajen ƙarfe takwas na isa garaji, can bayan kasuwar Katako. Maigarajin dattijo ne, tun zamanin Peugeot 504 yake cikin sana'ar, Baba nake ce mashi. Na gaishe shi, ya karɓi sandar ya juya ta ya juya, ya ce ɗana, wannan ai tsawonta kusan ɗaya da taka, ina gajartar take? Na ce Baba ku bari a ciro tsohuwar mu jera su. Da anka ciro munka aza su kan benci ƙwallo daidai ƙwallo sai abin ya fito fili, daga ƙwallon zuwa ramin ƙasa inda ƙarfen da ke zuwa bwat ke shiga, sabuwar ta ɗara tsohuwar tsawo kaɗan. Ƙwallon nan shi ne inda sandar ke juyawa, in ƙasan ya ƙara tsawo to motsi kaɗan a sama ya isa ya tura ƙarfen bwat iyakar inda ya saba zuwa. Baba ya gyaɗa kai ya ce to amma ka sani hannunka ne zai biya, za ta yi tauri. Gaskiya ya faɗa, abin da ka rage a tafiya sai ka ƙara shi a ƙarfi.

Cire kan giyar ma aiki ne, ba a murɗa shi, sama ake fizgowa da ƙarfi, yaron garajin ya kauda fuska gefe kafin ya ja don kar ya naushi haɓarshi. Daga nan fatar, sai soso, sai babbar robar da ke toshe ramin. Sauran aikin daga ƙasa ne. Munka tura motar kan rami munka jira salansa ta huce, anka kwance farantin da ke tare zafi, sannan na sauka da tocilan na ga wurin da idona. Wuri ne matsattse, farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga bwat zuwa tayoyin baya, na ƙasa, sandar na sama da ita, hannu da ƙyar yake shiga. Yaron ya zare kilif da turnabis, ƙarfen ya fita daga ramin sandar, wasa ɗaya ta faɗo a tafin hannuna ta lalace ta yi siriri har ana ganin haske ta cikinta, ɗayar babu ita sam. Kofin robar kuma juya shi ake kwata ɗaya sannan sandar ta fito ta sama, namu da anka taɓa shi sai ya ɓare biyu, cikinshi babu giris ko ɗigo, jar ƙasa ce kawai ta daskare.

Inda munka sha wuya shi ne kilif ɗin da ke riƙe gaban hannun alminiyon a saman bwat. Ba a ganinshi, da yatsa ake lalube, sai an ɗaga shi sama sannan a zare shi gefe. Yaron ya yi ta fama har gumi na ɗiga daga hancinshi, Baba ya ce a tallabe bwat ɗin da jak a kwance ƙarfen da ke riƙe da ita a sauke bayanta kaɗan, sannan ya sauka da kanshi da wani dogon turnabis da ya lanƙwasa bakinshi tun tuni, ya rufe ido yana lalube, can sai munka ji ƙas. Kaucun da ke wurin ya jiƙe da mai ya yi laushi, Baba ya nuna mani ɗan zoben da ke hana mai zuba a inda ƙarfen ke shiga bwat, ya ce shi ke tsatsa, in ba a canza ba sabon kaucun ma haka zai koma. Ya aiki yaro Katako da tsohon a hannu ya samo daidai shi. Kafin ya dawo anka kira azahar, munka yi salla, na sayo dambu da zogale munka ci a inuwar bedi.

Mayarwa ba ta daɗe ba. Giris a ƙwallo, sabon kofi, lanƙwasar sandar ta kalli baya, wasa a kowane gefe, kilif ya zauna. Abu biyu Baba ya duba da kyau. Ya sa na shiga ina sa giya ɗaya bayan ɗaya har ta baya shi yana ƙasa yana kallon ko ƙasan sandar na kusantar farfela, tunda ta ƙara tsawo, ya ce akwai sarari. Sannan ya ce in sake ta a tsakiya, ta koma da kanta tsakanin ta uku da ta huɗu. Ya ce alhamdu lillahi, da ta kwanta wajen ta biyar da matsalar cikin bwat take, sai an sauke ta gaba ɗaya.

Da la'asar na fita gwaji, na bi bulbar Mali Bero na miƙe hanyar filin jirgin Diori Hamani. Wallahi giya ta farko da na sa sai da na yi murmushi ni kaɗai. Yawon nan ya tafi, kowace giya na da gurbinta, wuyan hannu kawai nake motsawa gwiwar hannuna na wuri ɗaya. Ta yi tauri kam, musamman ta biyu da ta baya, amma tauri ne mai daɗi da kake jin ƙarfe ya shiga inda ya kamata. Ni a ganina rabin daɗin nan daga sabbin robobin yake, wanda ya sa gajerar sanda kan tsofaffin kaucu ya yi asarar kuɗinshi. Kuma ban fizge ta ba, Baba ya ja mani kunne cewa sinkoron da ke cikin bwat, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, yana nan da saurinshi na da, sai an taka ambirayaj, wato kuloci, har ƙasa an ba shi lokacinshi, masu dukan sanda su ke cinye shi.

Ya ce in dawo ranar Asabar mai zuwa ya duba kilif ɗin ko sun zauna, a canza man bwat kuma, irin wanda anka rubuta a takardar da ke manne a jikinta. Gobe da safe zan ji yadda ta biyu za ta shiga kafin man ya ɗau zafi.