Ramin da Ya Koya Min Ajiye Babbar Sanda

A Katsina na saba buga golf a ƙasa mai tauri. Da hunturu, in ka buga ƙwallo sai ta faɗi ta yi ta gangarawa, ta ƙara maka tafiya kyauta. Ranar da na fara shiga filin golf na IBB a Abuja, mai ramuka 18, da wannan sabon na je. Ciyawar can kuwa lema gare ta, inda ƙwallo ta sauka nan take tsayawa.

Mun zo wani rami da ruwa ya tare gabansa, na miƙa hannu zan zaro babbar sanda, wadda ta fi kai ƙwallo nesa. Yaron da ke riƙe min jaka ya ce, "Alhaji, ɗauki sanda mai lamba 7, ka ajiye ƙwallon kafin ruwa." Raina bai so ba, wallahi, amma na bi shawararsa. Ƙwallo in ta faɗa ruwa, bugu ɗaya za a ƙara maka a matsayin tara, ga zuciya ta ɓaci har rami na gaba.

Yanzu daga tutar da ke nuna rami nake fara lissafi, in dawo baya zuwa inda nake tsaye. Tsakiyar koriyar ciyawar da ke kewaye da ramin nake nufa, ko da tutar na can gefe, bakin ramin yashi.