"To" ɗin da na yi kwana uku ina fassarawa ba daidai ba

Watan Afrilu na 2018 da aka yi atisayen Flintlock, wato atisayen soja na haɗin gwiwa da Amurka ke jagoranta, ina cikin masu tafinta nan Tawa ta Nijar, wasu abokaina an kai su Agadas. Aikina tsakanin masu horaswa na Amurka da sojojinmu, Ingilishi zuwa Faransanci, in abu ya cije in koma Hausa. Na ɗauka harshe ne kaɗai matsala, ashe da sauran rina a kaba.

Su Amurkawa al'adarsu in an ƙare atisaye sai a zauna kowa ya faɗi inda aka kuskure, ƙaramin soja ma yana iya ce ma kaftin ga inda ka kauce kuma ba komi, mu kuwa wa ya isa, yaron da tun yana ƙarami aka hore shi kada ya haɗa ido da babba. Mai horaswa ya tambaya kun yarda da tsarin? Yara, wato ƙananan sojojinmu, su ce to, ni kuma in juya in ce sun yarda. Alhali to ɗin nan iri-iri ce, akwai ta na ji, akwai ta na yarda, akwai ta faɗi naka ka gama.

Sai aka tsara gwajin shingen binciken motoci ran Lahadi. Lahadi fa, ranar kasuwar Tawa! Amalanke da jakai da raƙuma suka cika hanya, wallahi ko mota biyar ba mu bincika ba aka tashi. Da dare wajen shayi na ce ma ajidan, mai muƙamin da ke tsakanin yara da kaftin, Baba ajidan, ai kun san da kasuwa, mi ya hana ku faɗi? Ya ce Malam tafinta, kaftin na zaune, baƙo na tsaye, ni in buɗa baki in ce su biyun ba su san gari ba? Ni ma ɗan garin ne ban faɗi ba, sai na yi shiru.

Daga nan na roƙi a riƙa ba da minti 15 kafin a nemi amsa, yara su gaya ma ajidan, ajidan ya ja kaftin gefe, kaftin ya dawo ya faɗa kamar daga kansa ta fito. Ba'amurken ya ce ɓata lokaci ne, kuma gaskiya tasu hanyar ta fi saurin tono kuskure, wannan ban musa ba. Amma ran Lahadin da ta zagayo shi da kansa ya fara tambayata ko akwai kasuwa.