Na Koma Kogin da Makarantarmu Take Kai Mu Iyo

Tun da na dawo, duk abokin karatuna na firamare da ya ji inda na je tambaya ɗaya yake yi mini, wato ko kogin yana nan yadda muka bar shi. Ruwan dai yana nan yana gudu, amma mashigin da makarantarmu take kai mu iyo a ƙarshen kowane zangon karatu ya canza har da ƙyar na gane shi.

Hanyar ba ta da wani labari sai da muka kusa gada, inda na fara cin karo da tifofi a jere, kowace maƙare da ɗanyen yashi, ruwa yana zuba ta ƙarƙashinta a kan kwalta. A da, idan motar makaranta ta kawo nan, malamai sukan sauke mu mu gangara a ƙafa ta wata siririyar hanya tsakanin gonaki, muna rera waƙa. Yanzu hanyar ta zama faffaɗan burji da tayoyi suka rarake, kuma a ƙarshenta akwai shinge da ƙofar ƙarfe da maigadi.

Na yi masa sallama, na ce, "Malam, sannu da aiki," amma bai ko ɗago kai ba, sai ya ce nan ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa a wannan gaɓar na koyi iyo ina yaro, kuma so nake in tsaya in gan ta kawai. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Iyo? Idan ka gaji da duniya ka shiga," sannan ya ja ƙofarsa. Ban ƙi a tsare wurin aiki ba, domin injina suna da haɗari, sai dai mutumin da aka ɗora a bakin ƙofa ya kamata ya san cewa amsa gaisuwa ba ta rage masa albashi.

Na bi gefen shingen zuwa ƙasa har na iske wani dattijo yana kwalfe ruwa daga kwale-kwalensa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye ƙoƙon yana dariya, ya ce, "Ashe ku ne yaran nan masu usur! Shigo, ɗana, ta ruwa babu mai hana mu." Ya kai ni daidai tsohon mashiginmu, ya miƙo mini gorar da yake tuƙi da ita, ya ce in caka ƙasa. Na caka, ruwan bai wuce gwiwa ba. Ya tura jirgin gaba kaɗan, abin da bai fi taku biyu ba, ya ce in sake. Gorar ta shige gaba ɗaya har hannuna ya jiƙe, ban taɓa ƙasa ba. Na ce, "Baba, me ya faru a nan?" Ya ce ramukan masu ɗibar yashi ne, daga sama ba a ganinsu, kuma bayan kowace damina sai sun sauya wuri, har shi da ya tsufa a kan ruwan ba ya yarda da abin da ya sani bara. Na taɓa karanta rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022, wanda ya ce duniya tana cin yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a shekara, amma adadin bai kama ni ba sai da gorar nan ta ɓace a hannuna.

A cikin jirgin ne kuma na fahimci irin ilimin da malamin wasanninmu yake da shi. Dattijon ya nuna mini cewa inda kogi ya yi kwana, ruwan da ke gefen waje na kwanar shi ne mai gudu da zurfi, yana cin gaɓa yana rufta ta, na cikin kwanar kuwa yana tafiya a hankali yana zubar da yashi. Mashiginmu a cikin kwana yake. Malamin yakan fara shiga shi kaɗai da sanda ya taka wurin duka, sannan ya ɗaure igiya a kan turaku biyu, iyakar da ba mai ƙetarewa. Ana haɗa mu biyu-biyu, kuma da zarar ya busa usur dole kowa ya kama hannun abokinsa ya ɗaga sama a ƙirga. Wanda aka samu shi kaɗai, a kan yashi zai ƙarasa yininsa yana kallon sauran. Malamin ya koya mana cewa idan ruwa ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi, ka kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba, ka riƙa karkata zuwa gaɓa sannu a hankali.

’Ya’yana a wurin ninƙaya na birni suke koyo, ruwa garai-garai mai warin kulorin, an rubuta zurfin kowane sashe a bango, ga mai ceto zaune a kan doguwar kujera. Sun fi ni iya salon iyo nesa ba kusa ba, amma da zan tsayar da su a wannan gaɓar ba za su iya nuna inda ruwa yake juyawa ba, ba su kuma san yadda sanyin ruwan kogi yake ɗauke numfashi a shigar farko ba.

Ba komai ne mai daɗi ba a wancan zamanin. Akwai abokanmu da suka yi fitsarin jini, muna yi musu tsiya, ba mu san tsargiya ce ba, cutar da tsutsarta take fitowa daga jikin ƙananan katantanwar ruwa ta huda fatar mai wanka. Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira, kuma maganin praziquantel yana kashe ta, amma wanda ya koma ruwan yana iya sake kamuwa.

Dattijon ya ƙi karɓar komai daga hannuna, har ya ɓata rai da na matsa, ya ce baƙon ruwa ba a yi masa ciniki. Ya sauke ni kusa da gada, kuma a can na ga yara wajen goma suna tsalle daga kan ƙarfen gadar, ƙananan cikinsu rungume da jarkoki, babu babba ko ɗaya a kusa. Ya ce makarantun yankin sun daɗe da daina kawo ɗalibai saboda tsoron iyaye. Tsoron yana da dalili, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse a 2021, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Sai dai hana fitar makaranta bai raba yaran nan da kogi ba, ya raba su ne da igiya da usur da malami. A Bangladesh ana kewaye wani sashe na tafkin ƙauye da gora a koya wa yara iyo a ciki, kuma ban ga abin da zai hana a yi haka a sama da inda ake haƙar yashi ba.

Na biya ta tsohuwar makarantarmu, na tarar ana hutu, ƙofa a kulle. Hadari ya taso kafin la'asar, direba ya ce mu kama hanya tun tifofi ba su cika ta ba, kuma ruwan sama ya raka mu kusan rabin tafiya.