Kunne kafin diga

Shagona yana nan Tawa, ɗaki guda da rumfa, injuna huɗu da yara biyu. Ina bayar da hayar injin gano ƙarfe, ina gyara, ina koya wa mutane aiki da shi. A 2014 na faɗa sana'ar, lokacin da zinariyar Jado, can arewacin Nijar, ta tashi, kowa ya ɗaura kaya ya nufi Agadas, daga baya Cibarakaten. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017 sai na dawo gida da inji ɗaya da kunnen da ya ɗan waye. Yau yawancin aikina a cikin gari yake: tiyon ruwa na ƙarfe da aka manta hanyarsa, turken iyakar fili da rairayi ya binne, ɗan kunnen da ya faɗi wurin biki.

Duk wanda ya zo haya, tambayarsa ɗaya ce: wane kuka ne na zinariya? Nakan ce masa babu. Injin bai san zinariya ba. Faifan da ke ƙasan sandar yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ƙarfen da ke ciki ya amsa, injin ya auna saurin ratsawar lantarki a jikinsa da kuma ko mai kama mayen ƙarfe ne. Shi ke nan. A injina mai lamba 0 zuwa 99, baƙin ƙarfe yana zama ƙasa da 40 da murya mai kauri kamar gurnani, jan ƙarfe da azurfa suna hawa wajen 80 da siririyar murya. Zinariya kuwa a tsakiya take yawo gwargwadon girmanta, unguwa ɗaya da takardar ƙyalli ta kwalin sigari da marfin gwangwanin lemo.

Shi ya sa ba na barin yaro ya ɗaga diga kan kuka ɗaya. Ka wuce da faifai gabas da yamma, ka juya ka wuce kudu da arewa. Abu mai kyau, kamar zobe ko kwabo, kukansa gajere ne, kuma bai canza magana ta kowace fuska. Ƙusa idan ka bi tsawonta sau biyu take kuka, ɗaya a kowane kai. Marfin kwalba mai tsatsa maƙaryaci ne: a tsakiyar faifai ya yi maka zaƙin murya, ka ja baya kaɗan gefen faifai ya taɓa shi, sai gurnanin ya fito. Sannan ka ɗaga faifan sama a hankali. In ka kai kamu guda yana ta ihu, ba kwabo ba ne, tsohon kwano ne ko guntun langa-langa. Ma'aunin zurfin da ke allon ma da girman kwabo aka gwada shi, don haka babban abu mai nisa sai ya nuna maka kamar yana nan kusa.

Ƙasar Adar kuma da nata rikicin. Marmararmu cike take da sinadarin ƙarfe, wani dutsen da kansa yake kuka, kuka mai faɗi marar tsakiya, kana kawar da shi da ƙafa wurin ya yi tsit. Wanda bai daidaita injinsa da ƙasar wurin ba kafin ya fara, yini zai yi yana tonon duwatsu. Manyan injunan daji irin su GPX 4500 sun fi jure wannan ƙasa, sun fi zurfi, amma ba su da lamba, kunnenka ne kawai yake bin ɗan kukan sauron da ke gudana, ka ji inda ya lanƙwasa. Masu eriyar nan da ake cewa suna hango zinariya daga kilomita kaza, ko kyauta ba na ajiye su a shago.

Ni ma na taɓa shan kunya. Wata Hajiya ta kira mu, ɗan kunnen amarya ya ɓace a tsakar gida bayan an watse. Wurin duk ledar alewa mai ƙyalli da marafan kwalba. Don in huta da hayaniya na rufe ƙananan lambobi, na share gidan sau biyu, na fito da dala ashirin guda uku da cokali.

"Hajiya, ba ya gidan nan."

"Ɗana, sake dubawa dai. Nan ta zauna, gindin darbejiyar nan."

Yarona ya matso ya ce a hankali, "Maigida, a buɗe masa baki duka mana." Na buɗe. Ƙaramin ɗan kunne, balle mai buɗaɗɗen baki, lambarsa can ƙasa take faɗowa, dab da iyakar baƙin ƙarfe, daidai inda na toshe. Muka koma tonon kowane kuka da hannu, muna tankaɗe rairayi da rariya. Kuka na goma sha wani abu, siriri ne ƙwarai, sai faifai ya kusan shafar ƙasa yake fitowa, amma ta kowace fuska maganarsa ɗaya. Ɗan kunnen ne, zurfinsa bai wuce yatsa biyu ba. Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta ƙara wa yaron jika biyu, ni kuma ta ce in tafi da cokalin.